Na je Batsari neman wurin tunawa, sai na tarar da makabarta da wani tsohon littafi

Bari in fara da tambayarka, kai da kake karanta wannan a waya, ko kana kwance ne, ko kana cikin Keke Napep, ko kana jiran lakcara ya shigo aji. Ka tuna abin da ya faru a Tsauwa da Dankar?

In ka manta, bari in tuna maka. A daren Juma'a 14 ga Fabrairun 2020, 'yan bindiga suka afka wa waɗannan ƙauyuka biyu na Ƙaramar Hukumar Batsari. Rundunar 'yan sandan Jihar Katsina ta ce mutum 30 aka kashe, 21 a Tsauwa, 9 a Dankar. Da yawansu tsofaffi ne da yara, waɗanda ba su da ƙafar gudu.

To ga tambaya ta biyu, ita ce mai wuyar: faɗa mini sunan mutum ɗaya cikin talatin ɗin nan. Ɗaya tak.

Kada ka ji kunya, ni ma ban sani ba. Kuma ina cikin waɗanda suka tura hotunan wancan lokacin a WhatsApp. Ina sakandare, na rubuta "Allah Ya jiƙansu" a ƙasan hoton gawar da ban san mai ita ba, na watsa a guruf uku, na koma kallon ƙwallo. Wannan abin ne ya dawo mini a rai lokacin da aka ba mu aikin rubuta rahoto na musamman a wannan zangon karatu.

Yadda wasu ke yi

A aji an ba mu misalin Kigali, babban birnin Ruwanda. A unguwar Gisozi akwai gidan tunawa da kisan ƙare dangi na 1994, wanda aka buɗe a watan Afrilun 2004, shekara goma bayan abin. Sama da mutum 250,000 ke binne a harabarsa. Akwai ɗaki na yara zalla, inda za ka ga hoton yaro, da sunansa, da shekarunsa, da abincin da ya fi so, da yadda aka kashe shi. Kuma cikin masu zagayawa da baƙi akwai waɗanda suka tsira daga kisan.

A Niyok ta Amurka ma, inda dogayen benayen nan biyu suka rushe ranar 11 ga Satumban 2001, an zana sunaye 2,983 a jikin tagulla, zagaye da wasu manyan tafkuna biyu. Ranar da aka haifi kowane mamaci, ma'aikatan wurin kan soka farar fure a jikin sunansa.

Sai na tambayi kaina: mu fa? In baƙo ya zo Katsina ya ce a kai shi inda ake tunawa da waɗanda ta'addancin daji ya ci, ina za a kai shi? Gobarau za a nuna masa, da Ƙofar Soro, da gidan tarihi. To na Batsari da Safana fa, ina nasu?

Shi ya sa na shirya na tafi. Ban tafi ni kaɗai ba. Kawuna ya haɗa ni da wani abokinsa, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, haifaffen yankin. Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyen da ya kai ni ba, saboda dalilan da kai ma ka sani. Baba nake ce masa, haka zan kira shi a nan.

Sharaɗi uku kafin mu hau babur

Ranar Alhamis na isa Batsari, ranar kasuwa. In ka ga cinkoson mutane da buhunan hatsi da hayaniyar 'yan babur, wallahi ba za ka ce garin nan ya ga abin da ya gani ba. Baba ya tarbe ni a tasha, muka gaisa, ya tambayi kawuna da mutan gida, sannan ya kalli wayar da ke hannuna.

"Ɗana, mi za ka yi da wannan?"

Na ce hotuna zan ɗauka, Baba, saboda aikin makaranta.

Sai ya gindaya mini sharaɗi uku. Na ɗaya, ba hoto a makabarta. Na biyu, duk wanda za mu shiga wurinsa sai an yi sallama an nemi izini, in ya ce ba ya son magana, mu yi masa addu'a mu wuce. Na uku, kafin La'asar mun dawo cikin gari. Na ce na amince. A raina kuwa ina ta ƙorafi, rahoto ba hoto ai kamar miya ce ba gishiri.

Zango na farko bai ma fita gari ba. Wata makarantar firamare ce. Ba allo, ba wata alama, yara suna ta wasa a fili. Baba ya ce in kalli azuzuwan da kyau, domin a lokacin da abin ya yi tsanani, nan mata da yara daga ƙauyuka suke kwana, aji ɗaya iyalai da yawa, da tabarma da tukunya kawai. Wasu sun koma gida, wasu sun wuce Katsina, wasu sun tsallaka Nijar. Da ni kaɗai na zo, da na wuce makarantar nan ban ko waiwaya ba. Ka ga amfanin ɗan jagora ke nan: shi ke sa bango ya yi magana.

Makabartar da ba ta da allo

Daga nan muka hau babur. Gonakin gero da dawa hagu da dama, wasu an nome, wasu ciyawa ta cinye. Baba yana nuna mini da baki: waccan mai ita ya rasu, waccan 'ya'yansa sun gudu, waccan bana ne aka fara komawa cikinta.

Mun fara zuwa wurin mai unguwa muka gaishe shi, ya haɗa mu da wani saurayi, sannan muka nufi makabarta a bayan gari. Muka cire takalma, muka yi sallama ga mazauna wurin, muka yi addu'a.

Abin da na gani ba shi da wani ado. Tudun ƙasa ne a jere, ruwan damina ya kwantar da wasu har sun kusa shafewa. Sai fasassun tukwane da 'yan itatuwa da aka kafa don alama. Amma akwai layi guda da ya bambanta da saura: kaburburan sun yi kusa da juna, tsawonsu ɗaya, tsufansu ɗaya. Ba sai an gaya maka rana ɗaya aka haƙa su ba.

Baba ya tsaya a kan na farko ya faɗi suna, da sunan uba, da sana'a. Ya matsa na biyu. Wannan ɗalibinsa ne, ya koyar da shi a aji huɗu, gwanin lissafi. Na uku mai shayi ne. Na huɗu saura 'yan makonni a ɗaura masa aure. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Ni kuwa hannuna yana cikin aljihu a kan waya, amma ko kusa ban ji sha'awar fito da ita ba.

Da muka fito muka zauna a gindin wata bishiya, ya zaro wani tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta daga aljihun rigarsa, bangonsa duk ya yage. A ciki ya ja layi da biro: suna, ƙauye, rana. Shafi bayan shafi. Ya ce tun da ya lura rediyo adadi kawai take faɗa, ya fara rubutawa.

Na ce Baba, in littafin nan ya ɓata fa?

Ya yi murmushi ya ce, "To ai shi ya sa na yarda na kawo ka."

Kufan da ba a so a nuna

A hanyar dawowa ya sa mai babur ya tsaya a wani fili. Ba komai sai da'irar ƙasa da ta yi baƙi da wasu duwatsun murhu. Ya ce ruga ce a da. Fulanin da ke nan sun shekara da shekaru suna kawo nono kasuwa, 'ya'yansu biyu ma sun yi makarantarsa. Da rikici ya ɓarke aka yi musu kuɗin goro, wasu aka kashe su ba tare da an kama su da komai ba, sauran suka shige daji.

Na san wannan sashen zai ɓata wa wasu rai. Amma duk wanda ya bibiyi rikicin nan ya san ya ci manoma, ya ci makiyayan da ba ruwansu, ya ci 'yan banga da sojoji da 'yan sanda. Sunayen mutanen rugar nan ma suna cikin littafin Baba, a shafi ɗaya da na maƙwabtansu. Bai ware musu wani gefe ba.

Safana: hoton da ya riga labari isa gida

Mako guda bayan nan na bi ta Dutsin-Ma na shiga Safana. Ita ma, kamar Batsari, tana bakin Dajin Rugu, wanda ya miƙe har iyakar Zamfara. Ranar 18 ga Afrilun 2020, hare-haren da aka kai a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma sun ci mutum 47, kamar yadda 'yan sanda suka tabbatar. Ka tuna lokacin? Muna kulle a gida saboda korona, muna ta gardamar tallafi a Facebook.

A can wata 'yar ajinmu ce ta kai ni wurin gwaggonta, wadda aka kashe wa miji a gona. Ba ta yi doguwar magana ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta ji labarin. Kafin kowa ya zo ya gaya mata cikin natsuwa, wani yaro ne ya shigo da waya yana nuna wa mutane hoto. Rigar ta gane.

Ban iya kallon idonta ba. Na tuna guruf ukun nan nawa. Ashe duk hoton gawar da muka tura, akwai gidan da zai iya shiga kafin mai ta'aziyya.

Me ya sa muke saurin mantawa?

Ba don ba mu da tausayi ba ne. Abin ne ya yi yawa, wani na danne wani. A watan Mayun 2019, cikin azumi, aka kashe mutum 18 a 'Yar Gamji ta Batsari, har jama'a suka ɗauko gawarwakin zuwa birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. Sai Tsauwa da Dankar. Sai Afrilun 2020. Sai daren 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Duk abin da ya faru a watannin nan, kusan babu wanda ya ɗora shi a intanet. A ƙwaƙwalwar mutanen wurin kawai yake.

Yanzu an shiga wani sabon babi. Gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, kuma a 2025 al'ummomi da dama, ciki har da Batsari da Safana, sun zauna sulhu da 'yan bindiga. Kowa na fatan ya ɗore. Amma lokacin sulhu shi ne lokacin da ake yawan cewa "a manta baya". Yafiya daban, mantuwa daban. Maraya yana da haƙƙin ya san an rubuta sunan ubansa a wani wuri.

Ba gunki nake nema ba

Na san abin da wani zai ce: mu Musulmi ne, ba ma gina kabari, ba ma kafa mutum-mutumi. Gaskiya ne, kuma ba shi nake kira a yi ba. Ko a inda aka yi ginin ma, ba kullum yake ƙarewa lafiya ba. A Owo ta Jihar Ondo an gina dandalin tunawa da waɗanda aka kashe a cocin Katolika ranar 5 ga Yunin 2022, amma a watan Yunin 2025 aka rushe shi, bayan ƙorafin cewa gina shi a gaban fadar sarki ya saɓa wa al'adar garin. Darasin shi ne, duk abin da za a yi, a fara tambayar masu wurin.

Mu kuwa rubuta suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da jerin sarakuna, muna da salsalar malamai, kakarka ma tana iya lissafo maka dangi har kaka bakwai. Abin da ya rage shi ne a yi wa talakan ƙauye irin wannan gatan.

Ga abin da kai da ni za mu iya, ba sai mun jira kasafin kuɗi ba. In kai ɗan yankin ne, zauna da dattawan garinku, da limami, da mai unguwa, ku rubuta sunaye da ranaku, da izinin iyalan. A ajiye kwafi a masallaci ko makaranta, wani a waya, wani wurin amintacce a birni. In wani ya yarda a naɗi muryarsa, a naɗa, amma kada a ɗora a TikTok don neman mabiya, kuma kada a saka bayanin da zai jefa mai rai cikin haɗari. In kai baƙo ne kana son zuwa, kada ka tafi kai kaɗai, nemi ɗan gari, bi ta hannun masu gari, ka saurari shawarar jami'an tsaro, in an ce yau ba a shiga, ka haƙura. Ka riƙe ɗan abin hasafi ga iyalan da za ka shiga wurinsu. In kuma hoton gawa ya shigo wayarka, ya tsaya a kanka. Goge shi.

Ni dai na koma Batsari sau biyu tun daga ranar. Baba yana karantowa, ina bugawa a kwamfuta, in na yi kuskuren suna ya ce in goge in sake, domin a cewarsa mutum ba ya son a ɓata masa suna ko yana kabari. Mun kai rabin littafin.

Rahoton nawa kuwa na miƙa shi ba hoto ko ɗaya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya zaunar da yankunanmu lafiya. Kai kuma, a garinku, wa ke riƙe da littafin?