WA KE LEƘA YARAN DA AKA KULLE A KATSINA?

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san unguwar Ƙofar Durɓi. A can ne, a tsakiyar watan Oktoba na shekarar 2019, 'yan sanda suka kutsa wani gidan horon kangararru wanda jama'a suka fi sani da gidan Malam Niga, suka tarar da mutane maƙil a ciki, yara da samari da magidanta. Rahotannin lokacin sun ce yawansu ya kai kimanin 500. Waɗansu an fito da su da mari a ƙafa, waɗansu kuwa tabon bulala ya ci bayansu. A cikin makon nan ne kuma aka buɗe wani gida irinsa a Daura, inda 'yan sanda suka ce sun ceto mutum 67, ƙaraminsu ɗan shekara 7, babbansu ɗan shekara 40. Kafin waɗannan biyu, ran 26 ga watan Satumba, an riga an fito da fiye da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna.

To, 'yan'uwa masu karatu, abin da ya fi tsaya mana a rai game da wannan labari shi ne, gidajen nan ba a ƙungurmin daji suke ba. A cikin gari suke, da maƙwabta dama da hagu, masu talla suna wucewa ta ƙofarsu safe da yamma. Na Daura an ce ya yi wajen shekara 40 yana aiki. Iyaye da ƙafarsu suka kai 'ya'yansu, suka kuma riƙa biyan kuɗin abinci. Amma a tsawon shekarun nan duka, wane ne daga waje ya shiga ya ce a buɗe masa ɗakin baya ya gani? Asirin gidan Daura bai tonu ba sai da waɗanda ke tsare suka yi bore da kansu, waɗansu suka tsere suka fito gari. Wato da sun ci gaba da haƙuri, mai yiwuwa da har yau suna nan.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ai maganar maƙwabtanmu Musulmi ce, babu ruwanmu. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. A watan Nuwamba na wannan shekara ta 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 a ƙasar nan, ta kuwa tarar da mutane ɗaure da sarƙa a gidajen mari, da asibitocin gwamnati, da wuraren masu maganin gargajiya, har da gidajen addu'a na Kirista, inda ake haɗa wa mai taɓin hankali ɗauri da azumin dole. Ba za mu ɓoye wannan ba don ya taɓa gidanmu.

Ba kuma za mu zagi iyayen da suka kai yaran ba. Uwar da ɗanta ya sayar da keken ɗinkinta ya sha ƙwaya, ya dawo ya zare mata ido, ita ta san abin da take gani. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijeriya suka fitar a farkon 2019 ya nuna mutum miliyan 14 da 'yan kai ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, wuraren magani na ƙwarai kuwa ba su taka kara sun karya ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Sai dai fa yaro ko da ya fi kowa taurin kai, ranar da aka juya mabuɗi a bayansa ya zama ba shi da baki sai wanda mai mabuɗin ya ba shi. Idan an dake shi, wa zai gaya wa? Idan an yi masa abin da ba ya faɗuwa, kamar yadda da yawa daga yaran nan suka shaida wa 'yan sanda, ga wa zai kai ƙara?

A nan ne aikin da muke son yin magana a kansa ya shigo, wato aikin masu duba wuraren tsare mutane, waɗanda ba a ƙarƙashin mai wurin suke ba. Dalilinsa a fili yake, ba a ba kura ajiyar nama, haka nan ba a ce wa mai riƙe da mabuɗi shi ne zai binciki kansa. Wani ma'aikacin banki a birnin Janeba ta ƙasar Suwizalan, mai suna Jean-Jacques Gautier, Kirista ne, shi ya ajiye aikinsa ya duƙufa a kan wannan tunani, ya kafa ƙungiya dominsa a 1977. Ya lura cewa azabtarwa a ɓoye ake yin ta, saboda haka maganinta shi ne a riƙa shiga wuraren a kai a kai, ba sai an ji kuka ba, kamar yadda ƙungiyar Red Cross take ziyartar fursunonin yaƙi. Ya rasu bai ga cikar burinsa ba, amma a 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta wajabta irin wannan ziyara, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 2009. Game da yara kuwa, tun a 1990 Majalisar ta shimfiɗa ƙa'idodin da ake kira na Habana, waɗanda suka ce masu dubawa su zama ba ma'aikatan gidan ba ne, su iya zuwa ba da sanarwa ba, su kuma gana da kowane yaro. Ƙa'idodin sun haɗa da gidajen gwamnati da masu zaman kansu.

Dokokinmu na gida ma ba su yi shiru ba. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu tana da nisa. Sashe na 34 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ɗora wa babban majistare nauyin ziyartar ofisoshin 'yan sanda da sauran wuraren tsare mutane da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ba da beli inda ya dace, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta maimaita wannan umarni ga ƙasa baki ɗaya. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ikon shiga gidajen yari da bayan kanta. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta lissafa waɗanda suke da izinin ziyarar dubawa, ta kuma hana a haɗa yara da manya a gidan yari. Ita ma Jihar Katsina ta samu tata dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A takarda dai ba mu rasa kome ba.

Amma dokar da ta ce kada a haɗa yaro da manya ba ta gina masa ɗaki ba. Shekara da shekaru gidajen horon matasa na gwamnatin tarayya, waɗanda ake kira bosta, uku ne aka dogara da su, a Kaduna da Ilori da Abekuta. Saboda haka hanya mafi sauƙi ga ɗan sanda mai gaggawa ita ce ya dubi yaro ɗan shekara 15 wanda ya yi tsawo, ya rubuta 19 a takardar tuhuma. Yaron ba shi da takardar haihuwa, ba shi da lauya, iyayensa suna ƙauye ba su ma san inda yake ba. Da wannan lamba guda ɗaya sai ya tsinci kansa a ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun 'yan fashi, cikin sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan biyu bisa uku na dukan mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan.

Shi ya sa aikin mai dubawa ba yawon buɗe ido ba ne. Ba ya aika saƙo cewa ga shi nan tafe, domin in ya aika zai tarar an share tsakar gida, an dafa shinkafa, an kuma kawar da wanda ƙafarsa ta kumbura. Yana fara neman littafin rajista, ya ƙirga sunaye, sa'an nan ya shiga ya ƙirga kawuna, ya ga ko sun yi daidai. Yana tambayar ɗakin da aka ce wai sito ne kawai, ya ce a buɗe. Yana zama da yaro su biyu, inda gandiroba zai iya hango su amma ba zai ji su ba, ya tambaye shi ranar da aka kawo shi, da ranar da ya ga alƙali, da ko wani nasa ya san yana nan. Yana duban idon sawu da wuyan hannu. Ba ya zaɓen mai ƙorafi shi kaɗai ya yi magana da shi, sai ya gana da yara da yawa, don kada bayan tafiyarsa a gane wanda ya yi tsegumi a huce a kansa. Abin da ya fi duka wuya kuwa shi ne komowa. Ziyara ɗaya ba ta gyara kome, sai mai gida ya tabbata mutumin nan zai sake dawowa, kuma ba a san ranar ba.

Aiki ne mai cin rai, ba ya kuma sa farin jini. A gari irin Katsina, inda kowa ya san kowa, mai dubawa zai haɗu da wanda ya rubuta rahoto a kansa a wurin ɗaurin aure ko jana'iza. Za a ce masa yana goyon bayan ɓarayi. Akwai kuma tarkon da ba a cika lura da shi ba: majistare ko jami'in da ba shi da kuɗin mai, har sai ofishin da zai bincika ya aiko masa da mota, ya riga ya sayar da rabin bakinsa tun kafin ya isa. Ko baƙi daga waje ba su sha da daɗi ba. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai hana azabtarwa da ta zo Nijeriya a watan Satumba na 2024 ta koma tana kukan rashin haɗin kai daga hukumomi.

Ba a yi wata biyu da tafiyarsu ba sai duniya ta ga dalilin kukan. Ran 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da waɗansu matasa a babbar kotun tarayya da ke Abuja, da yawansu ƙananan yara daga Kano da Kaduna, waɗanda aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Sun yi kusan wata uku a tsare. A gaban alƙali waɗansu suka yanke jiki suka faɗi, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Bayan 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su. Mun yi murna da sakin, amma wata uku ziyara uku ke nan ta majistare bisa ga doka, ba mu kuwa ji wanda ya ɗaga murya ba sai da hotunan suka bazu.

Mu ma muna shiga waɗannan wurare. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa na ikkilisiyoyinmu sukan kai sabulu da abinci gidan yari, musamman lokacin Kirsimeti, a yi waƙa, a yi addu'a, a fito. Wannan hidima ce mai kyau, kada a daina. Sai dai mu san cewa ziyarar jinƙai dabam, ziyarar dubawa dabam. Mu baƙin mai gida ne, inda ya nuna mana nan muke zama, waɗanda ya fito da su su muke gani. Ba mu da ikon cewa a buɗe mana ɗaki, bai kuma kamata mu yi kamar muna da shi ba, domin gobe za a rufe mana ƙofar gaba ɗaya. Abin da muke da shi shi ne ido da ƙafa. Wanda ya ga fuskar yaro a cikin manya yana iya riƙe sunansa da garinsu, ya kai wa ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ko Hukumar Ba da Taimakon Lauya Kyauta, wadda take aiki tun 1976, ko ya sanar da lauyoyin da ke cikin ikkilisiya kafin zagayen da Babban Jojin Jiha yakan yi don sallamar waɗanda suka daɗe ba shari'a. Mun san labarin mai shayarwar Fir'auna, wanda ya fita kurkuku ya manta da Yusufu har shekara biyu, alhali kalma ɗaya kawai aka roƙe shi ya faɗa.

Akwai kuma wani abu a hannunmu wanda ba mu ɗauke shi a bakin kome ba, wato littattafan ikkilisiya. Tun zamanin da 'yan mishan na SIM suka karɓi aikin asibitin kutare na Babbar Ruga a shekarun 1930, rubuta suna da kwanan wata al'ada ce a gare mu. Rajistar miƙa jarirai, da katin baftisma, da littafin makarantar firamare, kowannensu yana iya taimaka wa lauya ya nuna wa alƙali cewa wanda aka rubuta wa shekara 19 bai cika 16 ba. Muna roƙon sakatarorin majami'u, musamman na ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Funtuwa inda 'yan'uwa suke da yawa, su fito da waɗannan littattafai daga inda gara take cin su, su kuma tura iyaye su karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya tun yaro yana goye.

Game da gidajen addu'a da ke cikinmu kuwa, nan babu wata hukuma da za mu jira. Idan akwai inda ake kwantar da masu taɓin hankali ko 'yan ƙwaya da sunan ikkilisiya, dattawa da shugabannin gunduma su je da kansu, ba ranar Lahadi ba, ba kuma tare da sanarwa ba, su tafi da ma'aikacin jinya guda, su ce a buɗe musu kowane ɗaki.