Ciwon Damuwa Yana Da Magani, Amma Ba Na Gaggawa Ba Ne

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, shi ya sa a wannan makon muka kawo bayani a kan ciwon damuwa da magungunansa.

Kowa yana yin baƙin ciki, ko don rasuwa ko don faɗuwa jarrabawa, kuma yakan wuce. Ciwon damuwa daban yake. Mutum zai yi sati biyu ko fiye kullum ransa a ɓace, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci da cin abinci su rikice, ya riƙa ganin ba shi da amfani. A nan Rimaye sai a ce lalaci ne, ko a ce iskokai ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi. A jiharmu, inda 'yan bindiga suka raba iyalai da dama da gidajensu da gonakinsu, bai kamata mu ɗauke shi wasa ba.

To, yaya maganin yake aiki? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan tsakani. Idan ɗaya za ta aika saƙo sai ta saki wani sinadari, kamar wanda ake kira serotonin, ya tsallaka zuwa ɗayar. Daga nan sai ta sake zuƙe shi. Kamar dai an aiki yaro gidan maƙwabta, yana yin sallama aka ƙwala masa kira ya dawo. Maganin yana hana wannan saurin zuƙewar, sai sinadarin ya daɗe yana isar da saƙo. Haka fuloksetin yake yi, wanda aka amince da shi a Amurka a 1987 da sunan Prozac. Amitiriftilin ya girme shi, tun farkon shekarun 1960 ake amfani da shi, kuma yana da arha.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne maganin ba kamar farasitamol yake ba. Sai an yi sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ji sauƙi, domin ƙwaƙwalwa tana ɗaukar lokaci kafin ta daidaita. Illolin kuwa tun satin farko suke zuwa. A nan ne mutane suke cewa maganin bai karɓe su ba, su jefar da shi. Ko bayan an ji sauƙi, likitoci sukan ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma a hankali ake rage shi. Wanda ya daina rana ɗaya zai iya jin jiri, tashin zuciya da munanan mafarkai, ko ciwon ya dawo.

Amitiriftilin yana busar da baki, yana sa barci da taurin bayan gida, da jiri idan an miƙe da sauri, shi ya sa yawanci da dare ake shan sa. Ku tuna zafin rana, ga azumi, ga bushewar baki! Mai shan sa ya nemi shawarar likita kafin Ramadan. Idan aka sha fiye da ƙima yana iya tsayar da zuciya, don haka a ɓoye shi nesa da ƙannenmu. Fuloksetin kuma yakan sa tashin zuciya, ciwon kai da rashin barci, waɗanda sukan ragu bayan 'yan makonni.

Akwai gargaɗin da ya shafe mu kai tsaye. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce waɗannan magunguna suna iya ƙara wa wasu yara da matasa tunanin cutar da kansu a makonnin farko. Saboda haka ga masu shekarunmu an fi farawa da zaman tattaunawa da ƙwararre, idan kuma an ba da magani sai iyaye su sa ido sosai. Haɗa shi da tiramol ma haɗari ne, yana iya jawo zazzaɓi mai zafi da jijjiga. Tiramol da kodin ba maganin damuwa ba ne, ko da abokai sun ce suna mantar da ita.

Ba a kemis ake fara neman wannan magani ba, kuma ba a karɓar ragowar na wani. A fara zuwa Babban Asibitin Kankia, su kuma za su iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. Idan ɗan ajinku ya daina magana, ya daina wasa, ko ya ce ya gaji da rayuwa, ku sanar da malamin aji ko iyayensa a ranar, ko da ya ce ku rufa masa asiri.