Lulu: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A watan Oktoban 1993 wata mata ƴar shekara 44 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, karo na farko a rayuwarta. Samari biyar ɗin da suka yi waƙar tare da ita, wato ƙungiyar Take That, ta isa ta haifi kowannensu. Ƙaraminsu, Robbie Williams, shekararsa 19, ko haifarsa ba a yi ba lokacin da ita ta riga ta zaga duniya da makirufo a hannu. Sunanta Lulu, kuma shekara 29 ke nan tana cikin sana'ar ba ta taɓa taka wannan matsayi a ƙasarta ba.

Sunan yankanta Marie McDonald McLaughlin Lawrie. An haife ta ranar 3 ga Nuwamban 1948 a Sikotilan, ta tashi a unguwar Dennistoun ta birnin Glasgow, unguwar ma'aikata masu neman na yau da na gobe. Mahaifinta a kasuwar nama yake aiki. Gidan bai san zaman lafiya ba. Ita da kanta ta ba da labarin shaye-shayen uban da faɗan da ba ya ƙarewa tsakanin iyayenta. Tana shekara 15, a 1964, ta rera "Shout", waƙar Isley Brothers ta Amurka, da wata murya mai kaushi da ƙarfi wadda ba wanda zai ce daga ƙirjin ƴar mitsitsiyar yarinya take fitowa. Waƙar ta kai ta bakwai. Manajarta, Marion Massey, ita ta raɗa mata Lulu.

Nan da nan tauraruwarta ta haska. A 1967 ta fito a fim ɗin "To Sir, with Love" tare da Sidney Poitier, waƙar fim ɗin kuma ta yi mako biyar a saman jadawalin Amurka, ta zama ta ɗaya a duk shekarar. Abin takaici, a Birtaniya kamfanin faifai bai ga darajarta ba, sai ya liƙa ta a bayan faifan wata waƙa daban. A 1969 ta wakilci Birtaniya a gasar Eurovision a Madrid, inda ƙasashe huɗu suka yi kunnen doki da maki 18 kowacce: Birtaniya, Sifaniya, Faransa da Holan. Waƙar da ta ci gasar da ita ta tsaya a ta biyu a gida, kuma Lulu ba ta taɓa ɓoye cewa ba ta kwanta mata a rai ba.

A ganina a nan matsalarta ta faro. Yarinyar da ke da muryar mawaƙan baƙaƙen fatan Amurka, wadda har ta je Muscle Shoals a jihar Alabama ta naɗi faifai da gwanayen makaɗan can, sai aka mayar da ita ƴar nishaɗin daren Asabar a talabijin: murmushi, ƴar rawa, wasan barkwanci, waƙoƙin da kaka da jika za su saurara tare ba mai jin kunya. Kuɗi sun shigo, kowa ya san fuskarta, amma masu sayen faifai suka daina ɗaukarta da muhimmanci. David Bowie ya hango abin da ake ɓarnatarwa. A 1974 ya shirya mata waƙarsa "The Man Who Sold the World", ta kai ta uku. A shekarar ce kuma ta rera waƙar fim ɗin James Bond, "The Man with the Golden Gun", wadda ko jadawalin ba ta leƙa ba.

Shekarun 1980 sun wuce mata a dandamalin wasan kwaikwayo na Landan, da shirye-shiryen talabijin, da tallar tufafi na kamfanin Freemans. Tana cikin wasan "Song and Dance" na Andrew Lloyd Webber ta ji wa maƙogwaronta rauni, har sai da aka yi mata tiyata, aka zauna ana jiran a ga ko muryar za ta dawo. Ta dawo. Amma me za a yi da ita? Abin da ya fi tashe daga gare ta a Birtaniya a wancan zamani shi ne sake naɗar "Shout" a 1986. Mace mai shekara 37 tana maimaita abin da ta yi tana 15. Mawaƙin da ya kai nan, yawanci an gama da shi, sai dai a riƙa gayyatarsa bukin tuna baya. Ta rabu da manajar da ta riƙe ta fiye da shekara ashirin. Aurenta na biyu, da fitaccen mai gyaran gashi John Frieda, uban ɗanta tilo, shi ma ya watse a farkon shekarun 1990. Na farkon, da Maurice Gibb na ƙungiyar Bee Gees, tun 1973 suka raba gari.

Daga cikin wannan ruɗani ne ta yi abin da ba ta saba ba: ta zauna rubuta waƙa. Duk tsawon shekarun nan waƙar wasu take rerawa. Ƙaninta Billy Lawrie, wanda shi marubucin waƙa ne, shi ya tsaya mata a kai cewa in tana son komawa harkar da gaske, to dole ta riƙa fito da nata. Su biyu da wani mai suna Steve DuBerry suka haɗa "I Don't Wanna Fight", waƙar macen da ta gaji da rigima ta yanke shawarar haƙura da zaman. Wanda ya san gidan da Lulu da Billy suka tashi, ya kuma san halin da aurenta ke ciki a lokacin, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Waƙar ta faɗa hannun Tina Turner, daidai lokacin da ake shirya fim ɗin tarihin rayuwarta da uƙubar da ta sha a hannun mijinta Ike. Tina ta rera ta a 1993, ta shiga cikin goman farko a Amurka da Birtaniya. Mutane da yawa har yau sun ɗauka Tina ce ta rubuta abarta, saboda yadda kalmomin suka zauna daram a kan labarinta. Ga wani abin lura: ita ma Tina tana da shekara 44 ne a 1984 lokacin da ta farfaɗo ta hau saman jadawalin Amurka bayan an gama yi mata kallon tsohon yayi.

Ita kuma Lulu, a farkon 1993 ɗin ta fitar da "Independence", waƙar rawa irin ta zamanin, ta kai ta 11. Ta yi wata da Bobby Womack. Sai ga gayyatar Take That, waɗanda a lokacin ƴan mata ke suma in sun hango su. Za su sabunta "Relight My Fire", waƙar Dan Hartman ta 1979, wadda a tsakiyarta akwai wani gurbi da Loleatta Holloway ta cike da murya kamar aradu. Ba kowace mace ke iya tunkarar wurin ba. Gary Barlow ne ke jan waƙar da muryarsa mai laushi, ana tafiya lafiya lau, sai Lulu ta faɗo ciki da jan gashinta, ta ɗauke waƙar gaba ɗaya na ɗan lokaci, sannan ta miƙa musu abinsu. Ba ta daɗe a ciki ba, amma wurin nata kowa ke jira. Mako biyu suka yi a sama kafin Meat Loaf ya sauke su. Ta bi yaran yawon wasanni, tana tsayawa gaban dubban ƴan matan da iyayensu ne suka san ta.

Kada a ɗauka daga nan komai ya miƙe. Kundin "Independence" bai yi wata kasuwar a zo a gani ba, shirin cacar ƙasa da ta gabatar a BBC a 1999 kuwa bai karɓu ba. Wasu ma na cewa farin jinin Take That ta hau. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin a shekarar ko me yaran suka taɓa sai ya sayu. Sai dai su ne suka nemo ta, kuma don muryar suka nemo ta.

Abin da 1993 ta dawo mata da shi shi ne mutunci a idon abokan sana'a. A 2002 ta fitar da kundin "Together" inda ta yi waƙoƙi da Elton John, Paul McCartney, Sting da sauransu, ya kai na huɗu. A shekarar, a wani shirin talabijin da aka shirya don karrama ta, tsohon mijinta Maurice Gibb ya zauna gaban fiyano suka rera waƙa tare, kusan shekara talatin bayan rabuwarsu. Ƴan watanni bayan haka, a Janairun 2003, ya mutu.

Ranar 3 ga Agustan 2014 ta koma Glasgow ta buɗe bukin rufe wasannin ƙasashen renon Ingila a filin Hampden Park, filin da ƴan kwanaki kafin nan Blessing Okagbare ta Najeriya ta lashe zinare a tseren mita 100 da 200. Shekara guda bayan haka, tana 66, ta fitar da "Making Life Rhyme", kundin da yawancin waƙoƙinsa da hannunta a rubuta su, ta kuma hau dandamalin bukin Glastonbury. An ba ta lambar girmamawa ta OBE a 2000, aka ɗaga zuwa CBE a 2021.

A 2024, cikarta shekara 60 a sana'a, ta sanar cewa ta gaji da yawon gari-gari, za ta yi zagayen bankwana. Ta yi waƙa a ɗakin wasa na Palladium da ke Landan a watan Afrilu tana da shekara 75. Ta dai ja kunnen ƴan jarida cewa hawa mota daga wannan gari zuwa wancan ne za ta bari, ba waƙa ba.