Hawainiya Ba Ta Shan Ruwa a Kwano

Duk wanda ya taɓa shiga karar Potiskum ranar Laraba ya san ba a sayen saniya da kunne. Mai ita zai rantse maka cewa ko jiya ta sha ruwan dusa ta ƙoshi, amma dillalin da ya san aikinsa ko ɗaga kai ba zai yi ba. Sai ya zagaya ta, ya leƙa idonta, ya kama fatar wuyanta ya ja ya saki, sannan ya duba ƙasa ya ga irin kashin da ta yi. Kafin a kai ga maganar kuɗi ya riga ya gane ko koro ta aka yi daga nesa ba ruwa, ko kwana ta yi a tirela.

To, irin wannan idon mai riƙon hawainiya yake bukata, har ma ya fi dillali bukatarsa. Saniya in ƙishirwa ta kama ta tana kuka, akuya kuwa sai ta hana unguwa barci. Ita hawainiya iyakarta huci, shi ma sai an matsa mata. Sai ta bushe a kan reshe kana kallonta kana cewa ai haka take, ba ta son hayaniya.

Wani zai ce, wa ma zai ajiye hawainiya a gida? Mu nan tattabara muka sani da zomo da aku. Hawainiya sai a bakin masu faɗa, in an ce wa mutum hawainiyarsa ta kiyayi ramar wani, ko kuma busasshiya a shimfiɗar masu maganin gargajiya. Amma da damina ta sauka yara na tsinto ta a gonar rama ko jikin shingen lalle, su sa a kwali su kawo gida. A Turai da Amurka kuwa kiwonta sana'a ce mai zaman kanta, da keji da fitila da injin feshin ruwa. Biyu suka fi yawa a hannunsu: ta Yaman da Saudiyya mai doguwar hula a ka, da ta Madagaska mai launi kamar atamfa, tsibirin da kusan rabin nau'o'in hawainiyar duniya suke. Irin tamu ta Afirka ta Yamma ma an daɗe ana kwasarta daga Togo da Benin da Gana ana kai musu, duk da cewa yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta, ta ce ba a tsallaka iyaka da ita sai da takardar izini. Yanzu ga bidiyonsu nan a TikTok da YouTube cikin wayar samarinmu, sha'awa kuma ba ta da wuyar kamawa.

Kuskuren farko kowa yana yin sa: a zuba ruwa a murfin gwangwani a ajiye mata kamar kaza. Kwana uku ruwan na nan, sai ƙura a kansa. Hawainiya ba ta san kwano ba, ba ta san komi ba. A daji raɓa take lasa a kan ganye da sassafe, ko ɗigon ruwan sama da ya maƙale yana ƙyalli. Ruwan da ke kwance shiru, ba motsi ba walƙiya, yawancinsu ba sa ganin sa a matsayin abin sha. Ka ga ke nan kamar ka kai wa baƙo tulu cike amma an liƙe bakin. Da damina a nan, daga Yuni zuwa Satumba, gari na yi mata aikin da kansa. Da hunturu ya shigo kuwa, lokacin da leɓe ke tsagewa, kaushi ke fasa ƙafa, wanki ke bushewa kafin ka gama shanya, ina raɓar take? Balle bazara, watan Afrilu, da zafin Potiskum ke haura digiri 40.

Sai mu bi ta yadda dillali ke bin saniya, mu fara da ido. Idon hawainiya mai lafiya a cike yake, ya turo waje kamar an kifa ƙaramin ludayi, kowanne na juyawa harkar gabansa, ɗaya na gabas ɗaya na yamma. In ruwa ya yi ƙaranci a jikinta sai ludayin ya faɗa, ka ga idon ya zurma, gefensa ya yi rami. Kada dai a rikita wannan da wankin ido: takan kumbura idon ta murza shi ta mayar ciki na ɗan lokaci, wannan ba komai. Wanda ya zurma ya zauna a zurme shi ne abin tsoro, kuma ba alamar farko ba ce, abin ya riga ya yi nisa. In kuwa ka same ta da rana tsaka ta rufe ido kamar mai gyangyaɗi, to ba barci ba ne. Hawainiya ba ta ƙailula.

Fata kuma, a nan hannun dillali sai ya dakata. Saniya ana jan fatarta a ga ko za ta koma nan take ko za ta tsaya a tattare. Hawainiya ma fatarta na tattarewa, amma mintsinin da za ka yi mata ya fi amsar da za ka samu illa. Duba kawai. Ka ga jikin ya yi yamutse kamar tumatirin da ya kwana uku a faranti, kan ya faɗa ta gefe biyu, sannan in ta zo saɓa ba ta fita gaba ɗaya, sai ta maƙale a yatsu da ƙarshen jela. Wannan ragowar saɓar in ta bushe tana shaƙe yatsa kamar zoben da ya yi wa yarinya kaɗan, har yatsan ya mutu.

Amma babban mai ba da shaida shi ne kashi, kuma nan na fi so mai karatu ya tsaya. Kowa ya san kashin ƙadangare a jikin bango: baƙi, da ɗan fari a baki ɗaya. Kashin kaza ma haka. Wannan farin ba kashi ba ne, fitsari ne. Ƙadangare da tsuntsu da hawainiya ba sa zubar da fitsari ruwa-ruwa irin namu, ƙodarsu na tace dattin ta dunƙule shi kamar alli don tattalin ruwa. Hawainiya mai samun abin sha, nata farin fari ne tas, mai laushi, ko da ɗan rawaya kaɗan a bakinsa. Ruwa na raguwa, farin na komawa rawaya. In ya zama ruwan goro, ya yi tauri kamar tsakuwa, to rijiyar ta kusa ƙafewa. Mu ma ai mun san haka a jikinmu da azumin bazara, yadda fitsarin la'asar ke bambanta da na safe. Saboda haka a shimfiɗa farar takarda a ƙasan keji, a riƙa dubawa kullum. Kashi yana faɗin gaskiya tun ido bai zurma ba. In aka bar abin ya daɗe, wannan allin ne ke taruwa a ƙoda da gaɓoɓi, ƙafa ta kumbura, ƙodar ta lalace, kuma ƙodar da ta lalace ba a gyara ta da feshi.

Akwai ƙananan alamu da ke biyo baya. Yatsunta, da ke haɗe biyu da uku suna damƙar reshe kamar awartakin maƙeri, sai su saki, ta riƙa zamewa. Harshen nan da ke kai tsawon jikinta har ya wuce, mai yawun da masana suka ce ya ninka namu kauri sau wajen 400, sai ta harba ya faɗi gefe, ko ta daina harbawa ɗungurungum.

Yanzu maganar launi, wadda kowa ya fi sani kuma kowa ya fi yi wa gurguwar fahimta. Ana cewa in ta hau ja ta zama ja, in ta hau fari ta zama fari. Ba haka ba ne. Launinta ya fi bin abin da ke ranta da kuma zafin gari. A 2015 masana a Jami'ar Jeniba ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Michel Milinkovitch, suka leƙa fatar ta Madagaska suka tarar da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu ƙyalli, a jere. In hankalinta a kwance yake ƙwayoyin na matse da juna, sai su mayar da hasken shuɗi, shuɗin ya haɗu da rawayan saman fata ya ba da kore, yadda duk ɗan marina ya san shuni da rawaya ke yi. In ranta ya tashi sai jerin ya buɗe, launi ya koma rawaya ko ja. Tamu ta nan ba ta da wannan ƙawar, tsakanin kore da rawaya da ruwan ƙasa da baƙi take yawo.

Baƙin ma iri biyu ne. Da sanyin safiyar hunturu za ka gan ta ta yi duhu ta baje gefenta ga rana: ɗumi take nema, kamar baƙar jarkar da ake barin ta a tsakar gida don ruwan wanka. Wannan lafiya lau. Da dare kuma ta yi fari-fari, ta naɗe jela kamar gammo, shi ma lafiya. Amma wadda ta yi baƙi ƙirin ko ɗige-ɗige da rana a inuwa, ta wuni a haka, ta kumbura maƙogwaro, ta hangame baki tana huci, ko ta sauko ƙasan keji tana kai da komo tana dangwalar raga da hanci, wannan a takure take. In kuwa ta yi haske sosai ta buɗe baki ba huci, zafi ne ya yi mata yawa, a kai ta inuwa maza.

Me ke takura ta? Mu ne. Duk hannun da ya zo mata ta sama, a wurinta shirwa ce. Yaran unguwa su zo kallo, wannan ya ɗauka wancan ya karɓa, a ɗora ta a hula a ɗauki hoto. Mage na zagaya keji, kaji na tono a gindinsa. Wani kuma don tausayi ya samo mata 'yar'uwa, alhali hawainiya ba ta zaman kishi kuma ba ta zaman amana, biyu a keji ɗaya ƙaramar ce za ta daina ci ta daina sha. Ko inuwarta ta gani a gilashi sai ta ɗauka abokiyar gaba ce. Abin lura shi ne tsoro da ƙishirwa a igiya ɗaya suke: wadda ke tsoro ba ta saukowa ta sha, ko ruwan na ɗiga a gabanta.

Gyaran ba tsada. Keji na raga, ba akwatin gilashi ba, a ɗora shi sama da kan mutum a inda zafin rana ba ya gasawa, a cika shi da rassa masu ganye yadda sai ka nema kafin ka gan ta. Ranar safe ta riƙa samunta kai tsaye, don da ita jiki ke sarrafa abin ƙarfin ƙashi, gilashi kuwa yana tare wannan hasken. A sami robar fesa ruwa irin ta masu aski, sabuwa, wadda maganin ƙwari bai taɓa shiga ba, a jiƙa ganyen da asuba da bayan magariba, ganyen ba fuskarta ba. A huda gorar ruwa da allura a rataya a sama ta riƙa ɗiga a kan ganye ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙarin ruwan asibiti. Da bazara a yafa jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya na kejin, dabarar da randa ke sanyaya ruwa da ita ke nan. Sannan a ja da baya a bar ta, don ba ta sha ana tsaye a kanta.

Abin da ba a yi shi ne ɓare mata baki a ɗura ruwa. Ƙofar numfashinta a ƙasan baki take, ruwan sai ya zarce huhu. Ba a kuma ba ta maganin kaji ko na awaki da ka. In ido ya zurma kuma ta kwana biyu ba ta farfaɗo ba, sai likitan dabbobi, in na kusa bai saba da irinta ba akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Maiduguri. Ni dai a ganina, wadda aka tsinto a gona ta fara nuna waɗannan alamu, a shayar da ita a mayar da ita kan bishiyar da aka ɗauko ta, ya fi.

Wanda ya dage sai ya riƙe, to ya kula da abincinta, don wani kaso na ruwan jikinta daga cikin ƙwari yake zuwa. Fara da gyare masu rai take ci, ba soyayyar farar kasuwa mai yaji ba. A tsare farar kwana ɗaya a ba ta ɗanyen zogale ko ganyen rama ta ƙoshi kafin a saka ta a keji, abin da ke cikin farar shi zai koma cikin hawainiya. Kuma a tambayi yaron da ya kamo a wace gona ya kamo, don farar gonar waken da aka yi wa feshi shekaranjiya tana iya kashe ta.