Direbobin Mallawa, a lura da ƙarfen ƙafar mota

A kan hanyoyin rairayi na Mallawa, cikin gundumar Dungas, direbobi da dama kan sake wa motocinsu ƙafafu masu faɗi domin kada su kafe. Dabara ce mai kyau, amma fa tana da sharaɗi.

Ƙarfen da taya ke zama a kansa yana ɗauke da haruffan ET da lamba, watau tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗinsa da fuskar da ake ɗaure shi, a milimita. Toyota Hilux da tsofaffin Land Cruiser duka suna da ramuka 6 na noti, shi ya sa ake zaton ƙarfen wannan zai yi wa waccan. Ba lalle ba ne.

In lambar ta yi ƙasa, ƙafa takan fito waje. Da an laɓta buhunan gero, mota ta zauna, sai taya ta riƙa gogar jikin mota har ta tsage, bori kuma ya mutu da wuri. In ta yi sama, taya ta shige ciki ta taɓa sifirin.

Saboda haka, kafin a biya kuɗi, a ɗaura ƙafar, a ɗora kaya, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, makanike ya duba.