Ƙarfi da Inganci: Karatun Ma'aunan Akwatin Tauraron Ɗan'adam



Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga zancen talabijin. To, kalmomi biyu ne suka kai ni. Duk wanda ya buɗe shafin saiti a dikodarsa zai ga ma'auni biyu, kowanne da lambarsa bisa ɗari. Da Turanci aka rubuta sunayensu, ni kuwa na fassara su da ƙarfi da inganci. Rashin bambance su ya sa magidanta da dama sun sayi sabuwar dikoda alhali tsohuwar lafiyarta lau.

Da farko dai mu san inda saƙon yake fitowa. Taurarin da ke watsa talabijin suna sama da tsakiyar duniya, a nisan kilomita 35,786, inda saurin zagayensu ya yi daidai da juyawar duniya, har mu ga kamar tsaye suke wuri ɗaya. Arthur C. Clarke, marubucin Ingila, ya bayyana amfanin wannan matsayi tun 1945. Kowane tauraro da mazauninsa: Nilesat yana digiri 7 yamma, taurarin Eutelsat masu ɗauke da DStv suna digiri 36 gabas, NigComSat-1R na Nijeriya da aka harba a 2011 yana digiri 42.5 gabas. Taura kuwa tana wajen digiri 12 arewa da digiri 9 gabas. Saboda haka mai neman Nilesat zai fuskanci kudu maso yamma, mai neman DStv ya fuskanci gabas, ya ɗan karkata kudu.

Saƙon yakan iso a raunane ƙwarai. Faranti ya tattara shi, ya mayar wa ƙaramar na'urar da ke bakin sandarsa, wadda masu gyara suke kira LNB. Ita ce take ƙara masa ƙarfi, ta sauko da shi zuwa mita tsakanin megahaz 950 da 2150, ta turo shi ta waya zuwa dikoda. Ta wannan waya ɗin kuma dikoda take ba ta wuta, bolt 13 ko 18.

To, ma'aunin ƙarfi yawan abin da ya shigo ta waya kurum yake aunawa, ba ruwansa da ko saƙo ne ko hayaniya. Ita LNB kanta tana da tata hayaniyar, shi ya sa ko bango faranti ya fuskanta, ƙarfi yana iya nuna lamba babba. Ma'aunin inganci kuwa yana duba yadda dikoda ta fahimci saƙon ne, wato ƙarancin kurakuran da ke cikinsa. Alal misali, mutum ya shiga kasuwar Gujungu ranar da take ci. Kunnensa cike yake da sauti, wannan shi ne ƙarfi. Amma ya ji abin da abokin cinikinsa yake faɗa? Wannan shi ne inganci.

Da wannan za mu iya karanta ma'aunan kamar haka. Idan ƙarfi da inganci duka sun koma sifiri, a binciki waya da mahaɗinta da wutar LNB. Idan ƙarfi yana sama, inganci yana sifiri, waya lafiya take. Ko dai faranti ya kauce, ko wani tauraro yake kallo, ko lambobin tashar da aka shigar ba daidai ba ne. Idan inganci yana hawa yana sauka, a duba reshen bishiya, ko ƙusar da ta kwance, ko ruwan da ya shiga mahaɗi. Kaucewar digiri ɗaya ko biyu ta isa ta zubar da inganci, don haka a juya faranti sannu sannu, a ɗan dakata, sannan a murɗa LNB a mazauninta har lambar ta kai iyakarta. A kashe dikoda kafin a taɓa waya.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. Ruwan sama mai ƙarfi na Yuli da Agusta yakan shanye saƙon a hanya. A kwanakin da dare da rana suke daidaita, wajen Maris da Satumba, rana takan bi ta bayan tauraro, hayaniyarta ta rufe shi na 'yan mintoci. Maganin duka biyu haƙuri. Amma da yake hoton zamani ba ya dusashewa sannu a hankali kamar na da, sai dai ya daskare ya ɗauke gaba ɗaya, wajibi ne a yi saiti da rani a bar rara mai yawa saboda damina.

A ƙarshe, lambobin nan ba mudu ɗaya ba ne. Kashi 60 na wata dikoda yana iya fin kashi 80 na wata, domin kowane kamfani da yadda yake lissafinsa. Sai mutum ya rubuta lambobin tasa ranar da hoto ya yi kyau, ya ajiye, su zame masa abin kwatance ranar da ya ɓaci.