Tikiti Ɗaya, Birane Uku

Mutanen da sukan shekara a hanyar Makka. Yau kuwa attajirin Sharaɗa ko Calawa yakan gama Umra da saro a tikiti ɗaya: Kano zuwa Madina, Jidda zuwa Alƙahira, sa'an nan gida.

To, jama'a, kada a sakar wa wakili zaɓen jirage. Wanda ya fara sauka Madina, a Zulhulaifa zai ɗaura harami cikin natsuwa. Wanda ya nufi Jidda kuwa, yana sama miƙati zai riske shi.

A kiyaye kuma: in aka tsallake zango ɗaya ba a hau ba, galibin kamfanoni sukan soke sauran duka, a bar mutum a ƙasar wasu yana neman kuɗin komowa.